Tuffar Bayan Aji

A Sheffield, a bayan ajinmu,
tsakanin shingen waya da kwandon shara,
akwai wata bishiyar tuffa, gajera, karkatacciya,
ba wanda ya san mai dashenta.
Ita ce allona.
Ɗalibaina sha tara,
babu wanda ya cika biyar a cikinsu.

A Satumba muka fara gaisawa da ita.
Na zagaya ƙugunta da zare, na yanke daidai,
na ce mu adana, zai yi mana rana.
Kacper ya tsinci ɗiyar da ta faɗo,
ya gatsa, tsami ya murɗe masa baki.
Muka tsattsaga sauran,
ga ƙwayoyi baƙaƙe kwance a ɗakunansu.
Kowa ya binne tasa a gwangwani,
muka jera su a waje, gindin taga,
don irin nan sai ya sha sanyi yake farkawa.

Niamh kullum da safe sai ta tone nata,
ta duba, ta mayar, ta harare ni.
Ban ce mata mai haƙuri kan dafa dutse ba,
na san za ta tambaye ni ina tukunyar.

Sai ganye ya fara sauya riga,
kore ya koma ruwan ɗorawa,
wani ja kamar an tsoma shi a manja.
Dare ɗaya iska ta yi mata tsirara.
Zuwaira ta tsaya da safar hannu ɗaya,
hawaye na bin kumatunta:
Malama, ta mutu.
Na janyo reshe, na kankare shi da farce,
na ce zo ki leƙa.
Kore shar a ƙarƙashin ɓawo, da danshinsa.
Barci take, na ce, ku rage murya.
Mako guda suna wuce ta da sanɗa.

Ran da ƙanƙara ta kwanta kan rassanta
na ba su labarin gawon gonar babana a Gumel,
wanda yake zubar da ganye idan ruwa ya sauka,
ya yi lif da rani, sanda kowa ya bushe.
Tobias ya ce, shi bai san lokaci ba ne?
Na ce ya sani sarai, nasa ne daban.
Na yi shiru kaɗan bayan na faɗa.
Shekarata takwas a garin nan
ina kiran watanni da sunan da bai zauna musu ba:
ina damina a inda ruwa ba ya hutu?

Maris ya kawo toho, ƙanana kamar ƙwayar gero.
Muka ƙirga, muka ɓata, muka sake.
Afrilu na ƙarewa ta yi fure fari fat,
ƙudan zuma suka zo aiki,
yara suka watse da ihu,
suka dawo ɗaya bayan ɗaya suna kallo.

Gwangwani huɗu ne suka tsiro.
Na Niamh ciyawa ya fitar.
Na buɗe baki zan yi bayani,
na ga yadda take ba ta ruwa da murfin kwalba,
na rufe.

Ranar ƙarshe, a Yuli, na ɗauko zaren.
Na zagaya ƙugun, bakin biyu suka ƙi haɗuwa,
saura faɗin farcen Zuwaira.
Suka ce zaren ne ya tsuke.
Na kai su jikin ƙofa,
inda na ja wa kowa layi a Satumba.
Kowane kai ya wuce nasa.
Kacper ya dubi layin, ya dubi tuffar ta taga,
ya ce, yaushe?
Na ce nima ban gani ba, kuma kullum ina nan.

Sun tafi ajin gaba da gwangwanayensu.
Ƴaƴan bana suna nan kore, ko tsuntsu bai kula su ba.
Na sayo sabon zare.